Sarautar Kara: Daga Kalankuwa Zuwa Wasan Mulki a Kwamfuta

A shekarar 2016 wani ƙaramin kamfani na Ingila mai suna Positech ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Democracy 3: Africa. Nijeriya na cikin ƙasashe goma da mai wasa zai iya zaɓa ya mulka. Shi zai yanka haraji, ya raba kasafi tsakanin asibiti da makaranta da soja, sannan ya jira ranar zaɓe ya ga ko jama'a za su sake zaɓensa ko su kayar da shi. Masu sharhi sun daɗe suna muhawara a kan ko irin wannan wasa yana da daɗi, tunda babu gudu babu harbi, sai lissafi da lallashin mutane. Manomin ƙasar Kano da ya haura sittin ba zai ga abin muhawara a nan ba, domin ƙauyukan Hausa sun san wasan mulki tun kafin lantarki ya iso su.

Ɗauki misalin Gammo, wadda mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, a yammacin jihar Kano. Ƙasar noma ce, ta dawa da gero da gyaɗa, kuma a karkara irin wannan kaka ita ce lokacin sararawa. Idan an girbe, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sai samari da 'yan mata na ƙauyukan Kano su shirya kalankuwa.

Biki ne na kwanaki, da kiɗa da rawa da baƙi daga garuruwan kusa. Amma ƙashin bayansa gwamnati ce sukutum da matasa ke kafawa. A naɗa sarki da waziri da alkali, a sa dogarai, a kafa rumfunan zana a ce nan fada, nan kotu, nan asibiti. Ɗan doka ya kamo baƙo bisa laifin da aka ƙirƙira nan take, a gurfanar da shi, alkali ya gyara rawani ya yanke masa tara, jama'a na ta shewa. Mutum ya biya yana dariya, kuɗin kuma su tafi ga abincin baƙi da sallamar makaɗa. Yaron da jiya yake bin jaki da mangala, yau sai an faɗi an yi gaisuwa kafin a yi masa magana.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda muƙaman suka riƙa bin zamani. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sai Razdan da Di'o suka shigo filin kalankuwa, da hular kwano da Hausarsu ta hanci. Da siyasar jam'iyyu ta kankama gab da samun 'yanci a 1960, aka samu ministoci. Bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihar Kano a 1967, gwamna mai kaki ya samu kujerarsa. Wanda ya bi jerin sarautun nan zai karanta tarihin mulkin Arewa kamar yadda talaka ya gan shi daga ƙasa.

Fada ma tana da nata. A wasan gauta matan gidan sarki ne ke shiga kayan maza, ɗaya ta zama sarki, sauran su zama hakimai da fadawa, kowace tana kwaikwayon tafiya da murya da halin wanda ta ɗauka. Ta nan mai mulki kan ji abin da ba mai iya faɗa masa ido da ido. A Damagaram kuwa har yanzu ana wasan kara, inda samari ke fitowa a matsayin shugaban ƙasa da ministoci da hafsoshi, bindigoginsu da na'urorin ɗaukar hotonsu duk na karan dawa.

Wasannin kwamfuta sun biyo wata hanya dabam. SimCity na 1989 ya ba mai wasa gari ya gina. Civilization na Sid Meier, wanda ya fito a 1991, ya ba shi daula. Sannu a hankali ƙasar Hausa ta shiga ciki: a Crusader Kings III na 2020 ana iya fara wasa da Daurama ta Daura a shekarar 867, a Civilization VII na 2025 kuma Amina ta Zazzau tana cikin shugabannin da ake zaɓa. Wannan abin farin ciki ne na gaske, kuma wasannin suna koyar da abu mai amfani, cewa duk kwabon da aka kai wani wuri daga wani wurin aka ɗebo shi.

Sai dai talakawan cikin kwamfuta alƙaluma ne. Ba su san uban mai wasa ba, ba za su tare shi gobe a kasuwa su tuna masa hukuncin da ya yanke ba. Alkalin kalankuwa kuwa a gaban ƙannensa da budurwarsa yake shari'a. In ya yi son kai za a yi masa ihu, in ya iya magana sunan ya bi shi har tsufa. Shugabannin samarin nan su ne kuma ke tara gayya idan damina ta faɗi, saboda haka wanda ya kasa riƙe mutane a wasa da wuya su amsa kiransa a gona.

Kalankuwa ta ja baya ƙwarai. Malamai sun yi wa'azi a kan cuɗanyar maza da mata, makaranta da cirani sun kwashe samarin da ke shirya ta, gidajen kallon ƙwallo da wayar hannu sun cinye daren kaka. Matasan Gammo na yau sun ga sauyin sarauta na gaske da idonsu: a 2019 aka sa Kabo da Gwarzo ƙarƙashin sabuwar masarautar Karaye, a 2024 majalisar jiha ta soke dokar da ta yi hakan.