Yadda Dashen Itace Ya Koma Hannun Yara

 Ga mu cikin bazara, rana ta buɗe, ciyawa ta ƙare, kowa ya ɗaga kai yana duban gabas. A irin waɗannan watanni ne, Maris zuwa Mayu, ƙasashen sanyi suke shiga nasu lokacin na murna. Ƙanƙara ta narke, ƙasa ta jiƙe, itatuwa sun fara toho, kamar dai farkon damina a nan wajenmu. A lokacin ne malamai suke fito da yara daga aji, a kai su fili su duba tsuntsaye, su tono ƙasa, su dasa itace. Wannan al'ada tana da asali, kuma asalin nata ya shafe mu fiye da yadda za ku zata. Ku biyo mu ku ji.

Labarin ya faro ne daga wata jiha a tsakiyar Amurka mai suna Nebraska. Fili ne fetal, ciyawa iya ganinka, ba ka samun itace sai a bakin kogi. Kafin zuwan Turawa, garken ɓauna ne suke kiwo a wurin, 'yan asalin ƙasar suna farautarsu. Daga baya Turawa suka kwararo da shanu da garma. Da suka zauna sai suka ga ba itacen girki, ba na gini, ba inuwa, iska kuma ba abin da ke tare ta. Duk wanda ya taɓa kwana da dabbobi a fili lokacin hunturu ya san irin wannan wahala.

Cikin waɗanda suka zo a 1854 akwai wani ɗan jarida, Sterling Morton. Shi ne ya kai shawara gaban hukumar noma ta jihar cewa a ware rana guda kowa ya dasa itace, a ba da kyauta ga wanda ya fi dasawa. Aka amince, aka sa ranar 10 ga Afrilu, 1872. An ƙiyasta cewa a wannan rana kaɗai an dasa itace wajen miliyan ɗaya.

Ita ma gwamnatin tarayyar Amurka ta ce bari ta shigo da ƙarfinta. A 1873 ta yi doka: duk wanda ya dasa itace a eka 40 ya kula da su, za a mallaka masa fili eka 160. To kun san halin ɗan Adam da fili. Mutane suka yi rububi, amma idonsu na kan ƙasar, itacen hanya ce kawai. Wasu suka soka 'yan rassa don a gani, fari ya zo ya kashe, suka rantse sun dasa. Aka rage sharaɗin zuwa eka 10, abin bai gyaru ba. A 1891 aka soke dokar gaba ɗaya.

Abin da ya rayu shi ne wanda aka danƙa wa yara. A 1882, a birnin Cincinnati, aka rufe makarantu, ɗalibai suka yi jerin gwano zuwa wani babban lambun gari suka dasa itatuwa, suna raɗa musu sunayen manyan marubuta. A 1885 Nebraska ta mai da ranar hutun gwamnati, ta tsayar da ita a 22 ga Afrilu, ranar haihuwar Morton. Dabarar da makarantu suka ɗauka mai sauƙi ce: kowane aji da itacensa, su suka dasa, su za su yi ban ruwa, in ya mutu kowa ya san na wane aji ne. Daga nan abin ya bazu jiha jiha. A 1894 wani shugaban makarantu a jihar Pennsylvania ya ƙara da ranar tsuntsaye, yara su fita su san sunan kowane tsuntsu da kukansa da irin sheƙarsa, su daina fasa ƙwai don wasa. A 1907 shugaban ƙasa Theodore Roosevelt da kansa ya rubuta wa yaran makarantu wasiƙa a kan wannan rana, yana tuna musu cewa su ne za su ga ƙarancin itace in sun girma, ba iyayensu ba.

Gaskiya kuwa sun gani. A shekarun 1930 fari ya faɗa wa wannan yanki. An riga an nome ciyawar da ke riƙe ƙasa, sai iska ta kwashe ta. Ƙura ta riƙa rufe rana tsaka, shanu suna mutuwa, iyalai suna ɗaure kaya suna barin gonakinsu. Dattawanmu da suka ga 1973 da 1984 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Maganin da aka koma gare shi shi ne itace. Tsakanin 1934 da 1942 aka dasa kimanin miliyan 220, layi layi don tare iska, tun daga iyakar Kanada har zuwa Texas. Manoman da suka karɓi wannan aiki a gonakinsu, da yawansu sun taso ne cikin al'adar dashen makaranta.

Ƙasashe da dama sun ari wannan rana, amma kowa ya daidaita ta da ruwan ƙasarsa. Koriya ta Kudu ta sa 5 ga Afrilu, Sin ta sa 12 ga Maris. Nijar kuwa ta yi hikima. Tun 1975 ta haɗa bikin dashen itace da ranar samun 'yancin kai, 3 ga Agusta, tsakiyar damina ke nan. Da an kwaikwayi Afrilu ido rufe, da duk abin da aka dasa rana ta ƙone shi cikin mako guda. A wannan shekara ta 1975 ne kuma aka fara dasa layukan dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, a kwarin Majiya wajen Buza cikin jihar Tawa, don kare gero daga iska. Wanda ya bi hanyar ya gan su.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mu ma mun yi irin kuskuren dokar 1873. Sau nawa aka zo da mota cike da dashe, manya suka dasa, aka ɗauki hoto, aka watse? Kafin rani ya raba, awaki sun cinye, sauran sun bushe. Itacen da ba shi da mai shi, ba shi da mai tsaro. Ga kuma tsohuwar doka tun ta zamanin Faransa, wadda ta sa itatuwa da yawa a hannun hukuma, har manomi ya fi son ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara.

Sauyin ya zo daga ƙasar Maraɗi. Wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara a gonaki ba ciyawa ba ne. Kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. In aka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace tsaye, ba dashe ba ban ruwa. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓi abin, wannan ya gani wajen wancan, ya bazu daga Maraɗi zuwa Damagaram. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200.

To ina ruwan yaro a nan? Ɗan'uwa makiyayi, tambayi kanka: wa ke tare da awaki daga hantsi zuwa la'asar? Ba malamin daji ba ne, ba mai gona ba ne, ɗanka ne ko 'yarka. Shi ne yake tsaye lokacin da akuya ta nufi tsiron gawo. Ɗaga sandarsa ko rashin ɗagawa, shi ke yanke wa wannan tsiro hukunci. Kuma gawon nan naka ne kafin na kowa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye shar da rani lokacin da komai ya bushe. 'Ya'yansa ne suke riƙe maka dabbobi a waɗannan makonni masu wuya kafin ruwa ya sauka. Su kuma dabbobin su ne ke shuka shi, don ƙwayar da ta bi ta cikin tumbinsu ta fi saurin tsirowa. Abin da Bature ya rufe makaranta ya fito da yara su koya rana guda a shekara, ɗan makiyayi a cikinsa yake kwana yake tashi. Abin da ya rage kawai shi ne a faɗa masa cewa wannan ilimi ne, a kuma ba shi amana.

Bazararmu ba lokacin dashe ba ce, lokacin shiri ce, kuma aikin daidai yake da ƙarfin yara. Da sanyin safiya ku fita da su kusa da ruga ko bayan gari, kada a yi nisa, don kun san halin da daji yake ciki yanzu. Ku nuna musu bambancin tsiron gawo da na bagaruwa, da sabara, da kalgo, da aduwa, da magarya, da wanda dabba ke so da wanda ke cutar da ita. Kowane yaro ya zaɓi kututture ɗaya ya zama nasa, a datse masa, ya kewaye shi da ƙaya. Su tsinto ƙwayar gawo daga garke. Ta bagaruwa mai tauri ce, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana kafin a shuka. Ku kuma 'yan kasuwa, ledojin ruwan sha da ke watse a tashar Jibiya da Illela da Ƙonni da Maigatari, in yara suka tara su, suka cika da ƙasa da taki, suka huda ƙasansu, sun zama wurin renon iri. Ruwan alwala ya ishe su. Abin da aka shuka a Afrilu ko Mayu ya isa dashe kafin Agusta. In shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan itacen gari, ku sa su lura da ranar, su ƙirga kwana nawa za a yi kafin ruwan shuka. Baɗi su sake ƙirgawa su gwada.

Wani zai ce, ni da nake tashi da dabbobi in tafi mashekari, me zai sa ɗana ya yi wahalar itacen da ba zai zauna ƙarƙashinsa ba? Amsar ita ce burtalin da ka bi bana, shi za ka biyo in ka juyo. Mai gonar da ya ga ɗanka ya kore akuya daga tsironsa, ba zai karɓe ka da fuskar da yake karɓar wanda ya sassare masa gawo har ƙasa ba. Rigingimu da yawa tsakaninmu daga reshe guda suke farawa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya tsare mana yaranmu da dukiyarmu, amin.