Kabari a Girku, Kabari a Bida

Masu sauraro, akwai tambayar da takan hana mai bi barci. Na yi addu'a, na tabbata Ubangiji ne ya bishe ni, amma hanyar ta kai ni ga hasara. Shin ban ji muryarsa daidai ba ke nan? Bari mu duba labarin waɗansu da suka sha wannan tambaya a ƙasarmu.

Ran 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Ikko: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ba ƙungiyar mishan da ta yarda ta aiko su. Niyyarsu su kai bishara Sudan, sunan da Turawa suke kiran ƙasashen da ke kudu da hamada a lokacin, har da ƙasar Hausa. Mahaifiyar Gowans, mace mai naciya cikin addu'a, ita ce ta zaunar da Bingham a gidanta a Toronto, ta sa masa nawayar wannan ƙasa a zuciya. Shekararsa 20 kawai.

'Yan mishan da suka tarar a Ikko suka ce musu su koma gida, ba za su kai ba. Suka ƙi. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, sai ya tsaya a bakin teku, sauran biyun suka nufi arewa. Gowans ya rasu a Girku cikin Nuwamba 1894. Kent ya rasu a Bida wata ɗaya bayan haka. Ba su kafa ikilisiya ko guda ba. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, ya kai wa tsohuwar 'yan kayan ɗanta.

A nan ne ya kamata mu dakata. Bingham da kansa ya shaida cewa bangaskiyarsa ta girgiza har gindi. Ya tafi da koyarwar da ke cewa mai bi na gaskiya yana da alkawarin lafiyar jiki, ga shi abokansa biyu suna cikin ƙasa. Bai daina addu'a ba, bai kuma ce kiran ƙarya ne ba. Ya koma ga Littafi Mai Tsarki ya bincika abin da Allah ya alkawarta da abin da mutane suka ƙara. Daga wannan bincike ne littafinsa a kan warkarwa ya fito a 1921, inda ya nuna shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. A ganina masu wa'azi da yawa a yau suna bukatar su bi sawunsa a nan.

A 1900 ya sāke zuwa. Zazzaɓi ya sāke kama shi a Ikko, aka sa shi a jirgi zuwa gida, abokan tafiyarsa biyu suka bi bayansa. Sau biyu ke nan. Ku tuna da Manzo Bulus cikin Ayyukan Manzanni sura 16, wanda aka hana shi Asiya, aka hana shi Bitiniya, kafin a nuna masa Makidoniya. Bambancin shi ne Bulus ya ga wahayi a Taruwasa. Bingham bai sami irin wannan ba, sai dai nawayar da ta ƙi barinsa.

Ƙungiya ta uku ta taso a 1901, ba tare da shi ba. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, cikin Nufawa, a bakin Kwara. A cikinsu akwai A. W. Banfield, wanda ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Nufanci. Kada mu ɓoye cewa abubuwa sun canja a tsakani. A 1897 aka gano sauro ne ke kawo zazzaɓin, shan kwinin kuma ya zama ka'ida. Turawan Ingila sun ci Bida da yaƙi, ko da yake daga baya su ne suka taƙaita wa'azi a ƙasashen sarakuna. Aikin ya fi yin ƙarfi a wurare kamar Kwoi, Kagoro da Tangale.

Wannan mishan ita ce SIM. Bingham ya shugabance ta daga Toronto har ya rasu a 1942, shekara 12 kafin ikilisiyoyin da aka kafa su haɗu su zama ECWA a 1954.