Malam, Almajiri da Iyaye: Waiwaye Daga Ƙasar Ruma da Safana

Ya kai mai karatu, idan ka tambayi dattawan ƙasar Sarkin Ruma a Batsari, ko na ƙasar Yariman Katsina a Safana, yadda almajirci yake a da, za su gaya maka cewa malami bai taɓa ɗaukar nauyin yaro shi kaɗai ba. Uba kan danƙa ɗansa ne ga malamin da ya san asalinsa da halinsa, ya haɗa shi da damin gero, ya riƙa aika kuɗin Laraba. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, malam kan tafi ci-rani da ɗalibansa, su dawo kafin faɗuwar damina. A garin da suka sauka, almajiri kan sami uwar ɗakin da ke cika masa akushi, wadda za ta fara lura idan ya rame ko ya ji rauni. Idanu da yawa ke kan yaro, shi ya sa mugu bai cika samun kafa ba.

Wannan tsari ya fara sukurkucewa bayan Turawa sun ci Katsina a 1903, suka mai da hankali ga boko, tallafin sarakuna ga malamai ya ja baya. Farin 1973 ya ƙara tura malamai birane, ci-rani ya koma zaman dindindin. A shekarun baya-bayan nan kuma, 'yan bindigar dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, manomin da aka raba da gonarsa ya rasa abin da zai aika. Sai aka bar malam da yara masu yawa, babu hatsi, babu mai leƙowa.

Illar rashin leƙowa ta bayyana a watan Oktoba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe gidajen mari a Daura da birnin Katsina, suka tarar da yara da matasa cikin sasari, jikinsu duk tabo. Waɗannan gidaje daban suke da tsangaya, amma iyaye ne suka kai yawancin yaran da hannunsu, suka juya baya.

A 2020 Jihar Katsina ta kafa dokar kare yara, amma doka ba ta kwana a zaure. Saboda haka, ya kai uba, binciki malam kafin ka ba shi amana. Aika masa abinci da sabulu da kuɗin magani, domin yunwa da gajiya ke fusata mai riƙo. Ziyarci ɗanka ba da sanarwa ba, ka keɓe da shi, ka duba jikinsa, ka saurare shi. In ka ga alamar cuta, sanar da mai unguwa da hukuma, kada kunya ta hana ka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu lafiya. Amin.