Land Rover da Kunnen Makanikan Arewa

A cikin watan Afrilu na shekarar 1948 ne kamfanin Rover na ƙasar Ingila ya fito da motar da ya kira Land Rover a wajen baje kolin motoci na birnin Amsterdam, bayan da injiniyansa Maurice Wilks ya yi aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojan Amurka a gonarsa, ya ga fa'idar motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja. Ba a daɗe ba ta iso ƙasar Hausa, inda a wancan zamani kwalta ba ta wuce cikin manyan birane da 'yan hanyoyi ƙalilan ba, ta zama abin hawan Di'o da ma'aikatan En'e da malaman dabbobi idan za su fita rangadi, domin ita ce ke ratsa yashi da rani, ta kuma fita daga taɓo da damina.

Amma kuwa ta zo wa makanikai da mas'alar da ba su saba da ita ba. Motocin da suka sani a da, ƙarfin inji yana fita daga giya ne ya bi farfela guda zuwa ƙafafun baya, alhali wannan tana da akwati na biyu a bayan giya mai raba ƙarfin gida biyu, da farfela biyu, da aksul biyu masu ja, da sanduna biyu kusa da direba, ɗaya mai jan kai ɗaya mai rawaya, waɗanda da su ake shigar da giyar taimako. Saboda haka idan direba ya zo gareji ya ce motarsa tana gurza daga ƙasa, wuraren da za a tuhuma sun ninka, kuma kwance su duka ɓarnar kwanaki ce da dukiya.

A nan ne magabatan wannan sana'a suka nuna basirar da, a ganina, ba a ba ta haƙƙinta na yabo ba, domin sun riƙi hanyar tahakiki wadda ba ta karɓar zato sai da hujja. Maigidan gareji yakan shiga motar ya sa a ja ta, idan ta ɗauki gudu sai ya ce a zare giya a bar ta tana gangarawa. In ƙarar ta mutu tare da saukar inji, to illar tana wajen inji ko kuloci ko giya, in kuwa ta ci gaba tana bin saurin taya, to tana daga akwati na biyu zuwa ƙafafu. Daga nan sai a karkata sitiyari, domin boris ɗin ƙafa idan ya lalace kukansa yana ƙaruwa ne lokacin da nauyin mota ya koma kansa, wato na dama yana tsananta idan an sha kwanar hagu. Haƙoran cikin aksul kuwa suna canza murya tsakanin taka totur da sakinsa, kuros ɗin farfela kuma yakan buga sau ɗaya a lokacin tashi, ya bar jan tsatsa a gefensa idan giris ya ƙare masa. In shubuha ta saura, sai a cire farfelar gaba a sake gwadawa, ko a ɗaga motar a kan jak, maigida ya kafa bakin dogon ƙarfe a jikin akwati ya ɗora kunnensa a ɗaya bakin, kamar yadda likita yake sauraron ƙirjin majinyaci. Hukunci na ƙarshe yana ga man giya: in an tsiyaye shi an ga garin ƙarfe yana ƙyalli, haƙora sun ci juna, in ya yi fari-fari, ruwa ya shiga wajen ƙetare rafi.

Wani babban sababin ɓarna, abin mamaki, ita ce kwaltar da aka yi ta fatan samu. Tsoffin motocin nan ba su da abin da zai daidaita gudun ƙafafun gaba da na baya, ga shi kuwa a kwana na gaba sun fi yin nisa. A kan yashi taya takan zame kaɗan ta sauke bambancin, amma a kan kwalta busasshiya, in an bar giyar taimako a ciki, babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa har sandar ta ƙi fita, ko wani abu ya karye. Maganinsa a ja da baya kaɗan, ko a ɗaga ƙafa ɗaya ta warware. Gyaran aksul kuwa shi ne ma'aunin gwaninta, domin bayan an sa sabon boris sai an shafa fenti a haƙoran an juya su, an duba inda suka haɗu, an ƙara ko an rage siraran faranti har haɗuwar ta zauna a tsakiya, kuma yaron da ya iya wannan ya kusa samun izinin buɗe garejinsa.

Range Rover ta 1970 ta zo da na'urar daidaitawa a tsakiya, daga baya kuma Land Cruiser da Hilux na kamfanin Toyota suka karɓe hanyoyin daji, har zuwa hamadar da ke bayan Agadas. Yau, da kayan gyara na hannu suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, galibi akan sayi aksul sukutum a ɗaura maimakon a buɗe shi, kuma ina baƙin cikin yadda aikin fenti da faranti yake ƙaranci a hannun matasa. Sai dai kwamfutar da ake jona wa motocin zamani ba ta ba da labarin boris mai gurza, saboda haka har gobe sai maigida ya shiga mota ya ce a zare giya.