Gilisarol da binciken isar da magani cikin ƙananan ƙwayoyin kitse

Gilisarol, wanda aka fi sani da gilisarin, ruwa ne mai kauri da zaƙi, marar launi da wari. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ne ya fara gano shi a shekarar 1779 ta hanyar dafa man zaitun da sinadarin dalma. A yau ana samun mafi yawansa ne daga ragowar sarrafa sabulu da kuma man dizal da ake yi da man tsirrai.

Ƙwayoyin kitse kuwa wasu 'yan ƙunshe ne da faɗinsu bai wuce nanomita 100 ko makamancin haka ba, wato silin gashi ya fi su kauri sau ɗaruruwa. Masana na zuba magani a cikinsu domin ya isa cikin ƙwayoyin halittar jiki ba tare da ya lalace a hanya ba. Da wannan dabara aka yi maganin Onpattro da Amurka ta amince da shi a 2018, da kuma alluran rigakafin korona na Moderna da Pfizer-BioNTech a 2020.

Ginshiƙin kitsen

Amfani na farko yana cikin ginin kitsen kansa. Ƙwayar gilisarol na da wurare uku da sinadaran kitse ke maƙalewa, don haka ita ce ginshiƙin yawancin mai da kitse. Sinadarin DSPC da ke cikin alluran korona biyun an gina shi ne a kan gilisarol. Haka nan kuma, daskararrun ƙwayoyin kitse da Rainer Müller a Jamus da Maria Rosa Gasco a Italiya suka ɓullo da su a farkon shekarun 1990, galibi da kitse mai tushen gilisarol ake yin su.

Daidaita ruwan allura

Idan ruwan allura ya cika tsarki da yawa, jajayen ƙwayoyin jini kan sha ruwa su kumbura su fashe. Gishiri na iya hana hakan, sai dai yakan sa ƙwayoyin kitse su dunƙule. Shi ya sa masu bincike ke amfani da gilisarol. Ruwan abincin jijiya na Intralipid, wanda aka fara amfani da shi a Suwidin a 1962, na ɗauke da gilisarol kashi 2.25 cikin ɗari, haka ma maganin sa barci na Diprivan.

Kariya daga ƙanƙara

A 1949 ne Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano a birnin Landan cewa gilisarol na kare maniyyin zakara daga lalacewa idan aka daskarar da shi, domin yana rage taruwar ƙanƙarar da ke huda fatar ƙwayar halitta. Wannan ne ya sa ake gwada shi wajen adana ƙwayoyin kitse a ɗakunan bincike.

To amma yana da iyaka. Gilisarol na jawo laima, kuma ba ya bushewa ya zama gari, saboda haka idan ana son busar da maganin akan fi zaɓar sukari. Alluran korona biyun ma da sukari aka kare su.

Batun tsabta

Babban abin da hukumomin lafiya ke sa wa ido shi ne tsabtar gilisarol. Akwai wata guba mai suna diethylene glycol da ta yi kama da shi a kauri da zaƙi, amma tana lalata ƙoda. A Haiti, tsakanin 1995 da 1996, yara fiye da 80 sun mutu bayan shan maganin zazzaɓi da aka haɗa da gurɓataccen gilisarin, an kuma sake ganin irin haka a Panama a 2006. Dalili ke nan da ya sa ƙa'idar haɗa magunguna ta tanadi a gwada gilisarin kafin a zuba shi cikin kowane magani.