Masu gadin dajin Madarumfa: daga tsoron hari zuwa takardar gwamnati

Idan damina ta yi kyau, Gulbin Gabi kan cika tafkin Madarumfa har ruwa ya kai gindin itatuwa. Idan rani ya yi nisa, sai ruwan ya ja baya ya bar wa masu lambu laka. Tafkin yana kudu da birnin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, kuma duk jihar Maraɗi babu ruwan da ya kai shi girma. Arewa da shi kaɗan akwai wani yankin daji mai faɗin hekta 830 da doka ta hana sara da noma a cikinsa. A takardar gwamnati sunansa da Faransanci yake, amma a bakin mutane gandun daji ne. Ita kanta kalmar tana da abin faɗa. Gandu a ƙasar Hausa gonar maigida ce ko ta sarki, wadda kowa ke zuba wa gumi amma mutum ɗaya ke riƙe da rumbunta. Ranar da aka kira dajin gwamnati gandu, an riga an faɗi na wane ne.

Kafin a zo ga gwamnati, yaƙi ne ya fara gadin wannan daji. Bayan masu jihadi sun ci birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajajen 1819. Gobirawa su ma suka zauna a Tsibiri, kusa da su. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, tsakanin Maraɗi da ƙasar Katsina ta Fulani ya zama filin hari: yau dawakin Maraɗi su faɗa kudu, musamman a zamanin Ɗan Baskore, gobe na daular Sakkwato su rama. Manomin da ya yi nisa da ganuwa yana iya kwana a hannun masu kama bayi. Saboda haka gonaki suka taru kusa da garuruwa masu ganuwa a kwarin gulbi, abin da ke tsakani kuwa ya koma ƙungurmin daji, sai maharba da namun dawa. Dajin Baban Rafi, wanda ke yamma da Madarumfa ya miƙa har iyaka ya haɗu da dazuzzukan Katsina da Zamfara, shi ne babban abin da ya saura daga wancan zamani.

Tafkin kuma yana da nasa masu gadi. Mutanen wurin sun gaji labarin cewa waliyyai 99 ne ke kwance a kewayensa, kuma har yau ana zuwa ziyarar kaburburan daga Nijar da Najeriya. Wurin da ake cire takalmi a yi addu'a ba a cika ɗaga masa gatari ba. A kan ruwa kuma akwai Sarkin Ruwa, mai faɗa a ji cikin masunta. Sarakuna ma sun san hana sara tun kafin zuwan Turawa: a Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Da Faransa da Ingila suka raba ƙasar a farkon ƙarni na 20, aka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, hari ya mutu, tsoron da ke riƙe da daji ya tafi tare da shi. Mutane suka fito daga ganuwa, kowa ya ɗauki gatari ya nemi saura. Harajin da ake biya da kuɗi ya tura su noman gyaɗa, gyaɗa kuwa ba ta ƙoshi da sabuwar ƙasa. Shi ma birnin Maraɗi, bayan ambaliyar 1945 ta rusa tsohon gari aka koma kan tudu, ya shiga girma, kowace tukunya a cikinsa da itace ake dafa ta.

A zamanin mulkin mallakan ne kuma Turawa suka fara fargabar hamada. Wani farfesan ilmin daji daga Ingila mai suna Stebbing ya zagaya yankin, ya rubuta a 1935 cewa Sahara na gangarowa kudu, za ta cinye ƙasar noma da ke kan iyakar Nijar da Najeriya. Maganar ta tayar da ƙura har ƙasashen biyu masu mulki suka haɗa kwamitin masana daji, cikinsu da Bafaranshe Aubréville, suka bi iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Abin da suka gano ya saɓa wa farfesan: ba su ga rairayi na tafiya ba, sun dai ga sara da gobara da noman da ba ya barin ƙasa ta huta. Ko ta wace hanya aka bi, laifin a kan talaka ya sauka, maganin da aka zaɓa kuma shi ne a raba shi da daji.

Makamin yana nan a shirye. Dokar 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta ɗauki duk dajin da ba shi da mai takarda a matsayin mallakar hukuma, sannan ta kasa shi gida biyu. Akwai wanda aka keɓe, aka auna, aka shata masa iyaka, ba noma ba sara sai ɗan abin da aka yarje wa maƙwabta, kamar tsintar busasshen itace da 'ya'yan itatuwa da saiwar magani. Akwai kuma sauran daji, inda ake iya noma da kiwo amma sayar da itace sai da izini. Gandun Madarumfa ya shiga kashi na farko wajajen 1950, tare da wasu ƙananan gandaye a yankin kamar na Gabi. Shekarun ne kuma aka yi manyan wuraren da aka fi sani: gandun W a 1954, na Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi a 1955. Baban Rafi, duk da ya ninka gandun Madarumfa sau gomomi, a kashi na biyu ya zauna.

Abin da bai faɗo wa masu dokar a rai ba shi ne yadda manomi zai karance ta. Bayan gandun da aka shata, akwai jerin itatuwan da aka hana taɓawa ko a ina suke, kuma Nijar mai 'yanci ta riƙe wannan tsari a dokarta ta Maris 1974: gawo, giginya, tsamiya, kuka, ɗorawa da wasunsu. Wato gawon da ya tsiro a tsakiyar gonar mutum ba nasa ba ne. Idan ya sassabe reshe don ya ba tumaki, ma'aikacin gandun daji mai kaki da bindiga na iya cin sa tara. Manomi ba wawa ba ne. Ya gane cewa tsiron da ya bari ya girma ƙara ce ya dasa wa kansa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Malaman gona ma a lokacin gona tas suke koyarwa, ba kututture ba inuwa. Dokar ta tsare 'yan tsibirai na daji, gonakin da ke kewaye da su kuwa suka zama fili fetal.

Farin 1973 da na 1984 suka tona asirin tsarin. A watan Mayun 1984 gwamnatin Seyni Kunce ta tara ƙasa a Maraɗi don muhawara kan kwararowar hamada, aka fito da alkawarin da ke ɗauke da sunan garin, wanda ya nemi a sa jama'a cikin aikin. A shekarun nan ne kuma wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan sabara da geza da ke tsirowa a gonakin Maraɗi ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Manoma suka raɗa wa abin suna sassabin zamani. Da hannun hukuma ya yi sanyi, mutane suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, dabarar ta bazu da kanta. Masu binciken da suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu sun kiyasta hekta miliyan 5 da ta sake yin kore a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu gandun gwamnatin yankin da ya kusanci wannan.

Baban Rafi ya zama wurin gwajin sabon tunani. A ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar CARE ta fara aiki da ƙauyukan bakin dajin kan yadda za su kula da shi da kansu, sannan dokar Agusta 1992 ta kawo kasuwannin itace na karkara. Kafin nan mai mota daga Maraɗi kan yanki takarda a birni, ya shigo da masu saransa, ya yi lodi ya tafi, 'yan gari na kallo. A sabon tsarin, ƙauye ke da yankinsa da adadin da zai sara a shekara, shi ke sayarwa, harajin kuma a raba tsakanin ƙauyen da ƙaramar hukuma da baitulmali. Tsarin bai rasa ɓaraka ba, don ana wuce ƙa'ida, gonaki kuma ba su daina cin bakin dajin ba. A shekarun 1980 da 1990 har garken giwaye kan shigo daga Najeriya su yi wa manoma ɓarna. Yau sai labari. Dokar daji ta Yuni 2004 ta zo ta ba ƙananan hukumomi da masu gonaki matsayin da dokokin baya suka hana su.

Tafkin kuwa damuwarsa daga nesa take tasowa. Gulbin Maraɗi, wanda tafkin ke cikin kwarinsa, a ƙasar Katsina yake farawa, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya wajajen 1990, ruwan da ke isowa kwarin ya dogara da abin da aka saki daga can. A shekarar 1990 ɗin Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka haɗa su. Ga kuma rairayin da ruwa ke kwasowa daga tuddan da aka sassabe yana cike cikin tafkin, masu kamun karfasa da tarwaɗa na gani da idonsu.

Daga baya takardun duniya suka ƙaru a kan ta 1950. A watan Mayun 2006 Nijar ta sa gandun da tafkin da kaburburan waliyyai 99 a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su cikin kayan gadon duniya, su ukun a matsayin abu ɗaya, kuma har yanzu a jerin jira suke. A Disamban 2019 tafkin, da faɗin hekta 524, ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da tafkuna, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, Nijar ta shige ta a 1987.

A daidai lokacin da ake sa hannu a wannan takarda, yammacin gundumar Madarumfa ya riga ya shiga wani hali. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina sun mayar da Baban Rafi mashiga da maɓoya, suna kore shanu, suna ɗaukar mutane don kuɗin fansa a ƙauyukan Gabi da maƙwabtanta. Masu saran itace sun rage nisan da suke shiga, makiyaya na kauce wa wasu mashaya, akwai gonakin bakin daji da aka bari ba shuka, sabara ta fara rufe su. Masu kakin da aka fi gani a hanyoyin dajin yanzu sojoji ne.