Tiempo (kalmar Sifaniyanci)

Tiempo suna ne na jinsin namiji a harshen Sifaniyanci. Ana cewa el tiempo, jam'insa kuma los tiempos. Gaɓoɓinsa biyu ne, tiem da po, kuma ta farko ake ƙarfafawa. Manyan ma'anoninsa biyu ne: lokaci, da kuma yanayin gari na zafi, sanyi ko ruwan sama.

Asali

Kalmar ta samo asali daga tempus ta Latin. Wasalin e ya rikiɗe zuwa ie a gaɓar da ake ƙarfafawa, amma yana nan yadda yake a 'yan'uwanta irin su temprano, wato da wuri, da temporada, wato kaka, kamar kakar wasa. Temps ta Faransanci ma tana ɗauke da waɗannan ma'anoni biyu, don haka ɗalibin Nijar da ya yi karatu da Faransanci ba zai ga baƙon abu ba.

Lokaci da yanayi

No tengo tiempo na nufin ba ni da lokaci. A tiempo shi ne a kan kari, perder el tiempo kuwa ɓata lokaci. Idan aminai suka haɗu bayan sun daɗe ba su ga juna ba, sai su ce ¡Cuánto tiempo!, daidai da "kwana biyu" a bakin Bahaushe.

A fagen yanayi, aikatau hacer ne abokin tafiyarsa. ¿Qué tiempo hace? tambaya ce kan yadda gari yake. A nan ne mai koyo ya fi tuntuɓe: hace buen tiempo na nufin gari ya yi daɗi, amma hace mucho tiempo na nufin tun da daɗewa. Aikatau ɗaya ne, suna ɗaya ne, kalmar tsakiya kaɗai ta raba su. A Meziko da wasu ƙasashen Latin Amurka an fi jin clima a ma'anar yanayi.

Wasu ma'anoni

A nahawu, tiempo shi ne lokacin aikatau, kamar shuɗaɗɗe ko mai zuwa. A ƙwallon ƙafa, primer tiempo da segundo tiempo su ne minti 45 na farko da na biyu. Makanikai na cewa motor de dos tiempos ga inji irin na ƙaramin janareta, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. A gidajen abinci na Sifen, wanda ya nemi agua del tiempo, za a kawo masa ruwan da bai shiga firiji ba. Jaridar El Tiempo ta Kolambiya, wadda aka kafa a Bogota a 1911, ita ma wannan sunan take ɗauke da shi.

Inda ba a amfani da shi

Ba a tambayar agogo da tiempo. Ƙarfe nawa shi ne ¿Qué hora es? Ba a kuma ƙirga aukuwar abu da shi: sau biyu shi ne dos veces, daga kalmar vez. Wannan rabon ya yi daidai da na Hausa, inda lokaci, ƙarfe da sau kowanne ke da muhallinsa. Ɗalibin da ya auna jimlarsa da Hausa kai tsaye, ba tare da ya bi ta Turanci ba, da wuya ya rikita waɗannan kalmomi uku.